Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan asusun tallafin karatu na unguwarmu a Garwa, kan cire ɗaliban lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta. Ina gajiya, ya kasuwa, ya iyali, ya kuma ɗawainiya da mu? Allah ya ƙara muku lafiya da buɗi, ya sa abin da kuke cirewa daga aljihunku don karatun 'ya'yan unguwa ya zama sadaka mai gudana.

Ni 'yarku ce. A unguwar nan aka yanke mini cibiya, wasunku ma sun ci goron sunana. Yanzu ina shirin shiga shekara ta uku ta lisans, wato digiri na farko, a sashen lissafi na Jami'ar Ngaundere. Ba da yawuna kaɗai nake magana ba. Mu tara ne masu karatun lissafi da asusunku ke biya wa kuɗin rajista, shida a Ngaundere, uku a Marwa, biyu daga ciki mata. Sun wakilta ni ne don na fi su baki, a ƙoƙari kam akwai waɗanda suka sha gabana.

Na san ba tarbiyyarmu ba ce yarinya ta ɗaga murya a gaban dattawa. Shi ya sa muka fara bin ƙofar da ta dace. Sau biyu muna ba magatakardan kwamiti takarda, kawuna kuma ya je har zauren shugaba ya yi sallama, aka ce a dakata za a duba. Yau wata biyu ke nan shiru, ga Oktoba ta ƙarato, lokacin komawa jami'a. In lafazina ya yi kaushi a wani wuri ku yafe mini, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da ya kawo wasiƙar nan shi ne sanarwar da aka yi a ƙofar masallaci bayan la'asar, 'yan kwanaki bayan babbar salla. An ce daga bana asusu zai tallafa wa waɗanda suka ci konkur ɗin likita, wato jarrabawar takarar shiga karatun likita, ne kawai, da masu karatun injiniya da na shari'a. Sauran an kira su karatu marar ƙofa. Da aka nemi misali, lissafi aka fara ambata. Ƙanena yana wurin, shi ya kawo mini maganar da ɗaya daga cikinku ya yi har jama'a suka yi dariya: wai lissafi ƙarshensa alli, kuma duk wanda ya iya ƙirga canjinsa ai ya sauke lissafi.

Kuɗin nan guminku ne, ba mu manta ba. Mun ga yadda kasuwa ta yi tun lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, mun ga yadda naira ta riƙa narkewa a hannun masu kai kaya Yola da Mubi. Wanda aljihunsa ya yi sauƙi dole ya zaɓi inda zai sa ɗan abin da ya rage. Zaɓin da aka yi ne muke roƙon a sake dubawa.

Kukanmu na farko shi ne an sauke mu a tsakiyar kogi. Lisans shekara uku ce. Wanda ya yi shekara biyu ya tsaya, takardar bak ɗinsa ta gama sakandare kawai zai nuna wa mai ɗaukar aiki, kamar bai taɓa taka Dang, mazaunin Jami'ar Ngaundere, ba. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa dubu 50 ne a shekara, ana biya kashi biyu. Ga wasu gidaje wannan ba komai ba ne. Ga gidajenmu, da shi aka iya cewa "to, ka tafi", domin uba ya san in ya ji da hayar ɗaki da buhun masara da kuɗin mota, rajista tana wuyan asusu. Tun da aka yi sanarwar nan, ɗaya daga cikinmu, wanda saura shekara guda ya gama, ya karɓi babur ɗin wani yana acaɓa tsakanin Yelwa da gada, yana kai balas kullum da dare. Ya ce zai tara ya koma. Duk mun san yadda irin wannan tarin ke ƙarewa. Wannan yaron shi ne yake koya mana abin da muka kasa ganewa a aji, da dare, a kan allon katako da ya shafa wa baƙin fenti da kansa.

Labarin ƙawata ya fi ci mini rai. Mahaifinta yana da halin biyan dubu 50, ba kuɗi ne ya hana shi ba. Cewa ya yi, tun da dattawan unguwa da suka fi shi sanin duniya sun ce karatun ba shi da ƙofa, don me zai bar 'yarsa a wani gari tana shan sanyi a banza? Ya ce ta dawo gida. Iyayenmu, maganarku a unguwar nan ba ta tsaya a kan kuɗi. Abin da kuka faɗa a ƙofar masallaci hukunci ne a cikin gidaje. Wasu 'yan lise biyu, wato 'yan sakandare, da ke zuwa wurina a hutu sun ce mini ba za su zaɓi seri C, ɓangaren lissafi da fizik, ba, tun da an ce wahalar banza ce.

Kuka na biyu shi ne maganar kanta, cewa wanda ya iya ƙirga canji ya gama. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri, domin abin da na ba rayuwata ne ake magana a kai.

Ƙirga canji ban raina shi ba, a wurin kakata na koye shi. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa, ita ce kuma uwar adashen mata kusan talatin, ba ta taɓa riƙe biro ba. Mai saye zai faɗi kuɗi da Faransanci, sefa 350, kafin ya rufe baki ta ce dala saba'in. Tana raba kowane farashi gida biyar a kai, ta mayar, ta cire bashin jiya, tana yi tana juya tunkuza. Ta san wadda ta ɗauki kwasar adashe a watan azumin bara, da wadda ta yi fashin zubi sau biyu. Ina 'yar shekara bakwai take aike na da ƙwarya, in na dawo da canjin da bai cika ba sai ta ce in zauna in faɗa mata inda ya ɓace. Ba ta duka. Tana son ta ji hanyar da na bi ne. Sai da na je jami'a na gane cewa abin da malamai ke nema ke nan a takardar jarrabawa: amsa kaɗai ba ta wadatar, sai ka nuna yadda ka iso.

Bari in ba ku labarin ranar da na san ba zan bar wannan karatu ba. Shekarar farko ce, da sassafe, lokacin hunturu, sanyin Dang na shiga har ƙashi ga wadda ta taso a zafin Garwa. Malami ya rubuta 2, 3, 5, 7, 11, 13 a allo. Waɗannan lambobi ne da ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Ya ce, in aka ci gaba da ƙirga suna ta yin ƙaranci, to suna ƙarewa ko ba sa ƙarewa? Wani ya ce a sa kwamfuta ta duba. Malam ya ce kwamfuta za ta yi shekara dubu tana dubawa, ba za ta kai ƙarshen ƙirga ba. Sai ya kawo hujjar wani masani na birnin Iskandariyya, Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, da ya rayu wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, alaihis salam. Ya ce mu ƙaddara sun ƙare, mun tattara su duka a kwando ɗaya. Mu ninka su gaba ɗaya, mu ƙara 1. Wannan sabuwar lamba, duk wadda ka ɗauko daga kwandon ka raba ta da ita, sai 1 ya yi saura. Ke nan ko dai ita kanta irinsu ce da ba ta cikin kwando, ko kuma akwai wata irinsu a waje da ke raba ta. Ko ta ina ka bi, kwandon bai cika ba. Ku gwada da shidan nan na allo: in an ninka su za a sami 30030, a ƙara 1 ya zama 30031, shi kuwa 59 ne sau 509, kuma babu ko ɗayansu a cikin shidan.

Layi biyar ne a allo. Na zauna ina kallonsu har aji ya watse. Mutum ya yi magana a kan abin da ba shi da iyaka, ya tabbatar da ita, ba rantsuwa, ba shaidu, fiye da shekara dubu biyu ba wanda ya iya rushe ta. Ni da na girma a bakin kasuwa, inda ba a gama ciniki sai an ce wallahi sau uku, abin ya shige ni. Daren nan ban yi barcin kirki ba, na tashi na sake rubuta hujjar da fitilar waya don in tabbata ba dabo aka yi mini ba. Wani abin da na gani daga baya kuma, ranku ya daɗe, shi ne a ajin lissafi yarinya 'yar shekara goma sha tara za ta iya ɗaga hannu ta ce wa farfesa layi na huɗu bai biyo na uku ba, ya juya ya duba, ya ce kin yi gaskiya, ya goge. Ba a ɗaukar wannan rashin kunya. Na taɓa yi sau ɗaya, gwiwata na rawa.

Za ku ce, to mun ji daɗin labari, ina amfaninsa? Shekaru aru-aru masana na wasa da waɗannan lambobi don sha'awa kawai. A 1977 wasu masana uku a Amurka suka gina makullin saƙo a kansu. Ninka 59 da 509 aikin minti ɗaya ne, amma in an ba ka 30031 aka ce nemo iyayensa, sai ka yi gumi. In lambobin suka kai tsawon ɗaruruwan alƙaluma, kwamfuta ma ta gaza. A kan irin wannan makulli bankuna da intanet suka dogara wajen ɓoye sirrin mutane. Alhazanmu da ke tura kuɗin kaya Dubai da Sin ta banki suna cin moriyar wasan da aka ce ba shi da ƙofa.

Kuma ba ilimin baƙi ba ne da za a ce mun ɗauko wa kanmu. Duk wanda ya zauna wurin rabon gado a unguwar nan ya ga Liman yana aikinmu. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Matar tana da tumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Malam zai nemi asalin mas'ala, lambar da takwas da uku da shida duk ke shiga cikinta, ya sami 24. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. A tara, 27 ne, rabo ya fi dukiya. Sai a yi auli, a mayar da asalin 27, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado, tumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. Wannan neman asalin shi ne daidai abin da ke kayar da yaranmu a jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, sunansa kawai aka canza zuwa Faransanci. Ita kanta kalmar aljabara daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake. Hatimin nan mai gida tara da almajirai suka sani, wanda ta ko'ina ka tara sai ka sami 15, wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, ya yi rubutu a kan ƙa'idar tsara irinsa manya-manya. A Alƙahira ya rasu a 1741, har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa. Ban taɓa jin an ce malamin fara'ili ya ɓata lokacinsa ba.

Kuka na uku, alli. An faɗe shi ne don a yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Likitan da kuke son unguwa ta samu, ta ina zai fito? Konkur ɗin likita masu bak C da D, na ɓangaren kimiyya, ne ke shiga, gurabe kaɗan, ana takara da yaran Yawunde da Duwala. Injiniya kuwa shekarunsa biyu na farko kusan duk lissafi ne da fizik. Ƙofar waɗannan duka tana hannun mai alli. A shekarata ta ƙarshe a lise mun yi zangon farko cur ba malamin lissafi. An turo wani, ya yi sati uku ya nemi canji ya tafi. Mu arba'in da wani abu ne a ajin, waɗanda suka ci bak a shekarar ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kusan duk waɗanda iyayensu suka iya biyan malamin gida ne. Ni tsohon littafin yayan ƙawata ne ya cece ni. A cikin waɗanda suka faɗi akwai wanda tun muna firamare yake cewa likita zai zama, yanzu yana sayar da katin waya. Ba zan yi ƙarya in ce da an sami malami da tabbas ya ci ba, amma ko damar gwadawa bai samu ba.

Malamin da zai zauna a nan bai nemi canji ba, shi ne wanda uwarsa ke nan. Shi ne kuma zai iya abin da baƙo ba zai iya ba. Da yawan yaranmu ba lissafi ne ke ba su wuya ba, Faransancin da aka naɗe shi a ciki ne. A hutun bara an kawo mini wata yarinya 'yar aji biyu a lise, an ce kanta ba ya ja. Ta kasa tara rabi da sulusi a takarda, tana ta rubuta biyu bisa biyar. Na aiki ƙanena ya sayo masa shida. Na ce ware mini rabinsu, ta ware uku. Na ce sulusinsu fa, ta ware biyu. Na ce nawa ke nan cikin shida? Ta dube ni, ta dubi masar, ta ce, "Anti, dama wannan ne?" Shekara biyu tana jin tsoron abin da take yi kullum a gidan uwarta. Ta cinye biyar ɗin, na ci ɗaya.

Akwai makarantar horar da malaman sakandare a Marwa tun 2008, shekarar da aka kafa jami'ar can. A 2022 an kafa Jami'ar Garwa a nan ƙofar gidanmu. Waɗannan wurare za su buƙaci masu koyar da lissafi shekara da shekaru. In ba mu shirya namu ba, za a kawo daga wani wuri, mu kuma mu zauna a majalisa muna cewa an mayar da mu saniyar ware.

Ba zan yaudare ku in ce aiki na jiran duk wanda ya gama lisans a lissafi ba. Ba ya jiran kowa a ƙasar nan, kun san masu takardar shari'a nawa ne ke zaune a shagunan iyayensu. Amma ƙofofin suna nan. Akwai ISSEA a Yawunde, inda ake horar da masana ƙididdiga na ƙasashen yankinmu, har da Cadi, kuma lissafi ne ƙashin bayan jarrabawar shigarta. Akwai cibiyar AIMS a Limbe da aka buɗe a 2013, wadda ke ɗaukar masu digirin lissafi da kimiyya daga ko'ina a Afirka su yi mastar, ta ɗauke musu kuɗin karatu da ci da kwana. Ɗalibin da kuka kai ƙarshen digirinsa, in ya samu shiga can, ya sauka daga wuyanku ke nan. Madatsar Lagdo da ke ba mu wuta, wani ne ke lissafa yawan ruwan da zai shigo da wanda za a saki, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2012 a bakin Binuwai ya san wannan lissafi ba wasa ba ne. Sodecoton, kamfanin auduga, ba ta raba taki da iri bashi sai an ƙiyasta abin da gona za ta bayar. Ko a likitancin ma, Ronald Ross, Baturen Ingilan da ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, daga baya alƙalami ya ɗauka ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba, in aka rage shi ƙasa da wani adadi cutar za ta ja baya da kanta. Likita ne, amma da ya zo kan yadda za a kare gari guda, lissafi ya koma wa.

In kuma sunan mutum kuke so, ba sai mun je nesa ba. Farfesa Iya Abubakar ɗan Belel ne, nan tsallaken iyaka a Adamawa. Lissafi ya karanta a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya koyar da shi a Zariya da alli a hannu, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi minista, ya yi sanata. Wasunku sun fi ni sanin labarinsa.

Kuka na huɗu gajere ne. An yanke hukunci a kanmu ba a kira ko ɗayanmu ba, ba a nemi takardun sakamakonmu ba, kuma a kwamitin babu malamin makaranta ko ɗaya, babu mace.

Ga abin da muke roƙo, da ladabi.

Ku mayar da mu tara cikin asusu har mu gama lisans ɗin da kuka sa mu a hanyarsa. Rajistarmu gaba ɗaya sefa dubu 450 ce a shekara, kashin farko dubu 225. Ku kun fi ni sanin abin da wannan kuɗi ke saye a kasuwar shanu. In asusu ba zai iya duka ba, a fara da waɗanda ke shekarar ƙarshe. Ni kawuna ya ce zai sayar da tunkiya ya biya mini kashin farko, don haka a sa mai acaɓan nan a gabana.

Daga nan gaba, a riƙa duba ƙoƙarin ɗalibi maimakon sunan karatunsa. Kowane zango mu kawo takardar sakamako a ajiye a gaban kwamiti. Wanda ya yi wasa, ko likita yake karanta ko lissafi, a ja masa kunne, in ya maimaita a ba wani gurbinsa. Mun yarda da wannan sharaɗi tun yanzu, mu da hujja ce sana'armu ba za mu ƙi a bincike mu ba. A rubuta ƙa'idar a manna inda kowa zai gani.

A ƙara kujera biyu a kwamiti, ɗaya ta malamin makaranta, ko da wanda ya yi ritaya ne, muna da su a unguwa, ɗaya ta uwa daga cikin iyayenmu mata. Uwayen adashe sun riƙe kuɗin jama'a shekara talatin ba a ji kansu ba.

Ba hannu kawai muka miƙo ba. Ku ba mu aji ɗaya a islamiyyar unguwa a babban hutu, Yuli da Agusta, da safe lokacin da ba kowa, da kwalin alli. Za mu koyar da masu shirin BEPC da probatuwar, wadda ake yi shekara guda kafin bak, da bak ɗin kanta kyauta, da Hausa da Fulatanci da Faransanci, duk wanda yaro ya fi ji. Yaran shago ma su zo ranar Lahadi. Akwai abin da ya kamata su sani, kamar cewa kayan da ya faɗi da kashi 20 cikin ɗari sannan ya tashi da kashi 20 bai koma inda yake ba: ɗari ta zama 80, tamanin ta zama 96. Na ga babban ɗan kasuwa ya yi musu a kan wannan har ya yi rantsuwa. Maganar kwamfuta guda da za mu riƙa karɓa-karɓa, wadda muka sa a takardarmu ta farko, mun janye ta sai asusu ya farfaɗo.

Roƙo na ƙarshe ba ya cin ko dala, kuma shi ya fi nauyi a bakina. Maganar nan ta alli a ƙofar masallaci aka yi ta, a gaban iyaye da yara. Muna roƙon a koma wurin, bayan la'asar, ɗaya daga cikinku ya ce karatun lissafi karatu ne, wanda Allah ya ba ɗansa ko 'yarsa kai a bar shi ya yi. Mahaifin ƙawata ba zai karanta wasiƙar nan ba, ba ya shiga intanet. Amma ba ya fashin sallar la'asar a sahun gaba.

Muna fatan jin amsa kafin ƙarshen Satumba, domin mai zuwa Dang sai ya kama ɗaki da wuri, in ba haka ba sai na nesa da makaranta. Takardun sakamakonmu, mu tara, suna hannun kawuna cikin ambulan ɗaya. Zai kawo su zauren shugaba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kuma ina gida in ana son a tambaye ni wani abu.

Allah ya ja kwananku, ya bar zumunci.

Wassalam.

'Yarku,
ɗalibar lissafi, a madadin 'yan'uwanta takwas,
Garwa.